Littattafai Arba'in da Biyu na Malama Gadija

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. A ranar Alhamis, sha huɗu ga watan Nuwamba, Allah ya karɓi ran Malama Gadija Solomons a gidan ƙanwarta da ke birnin Cape Town, bayan jinyar wata biyar. Ta rasu tana da shekara sittin da ɗaya. Labarin ya iso mana Lanzhou washegari da hantsi, a zauren waya na tsofaffin 'yan ajinmu. Babu wanda ya rubuta ko kalma ɗaya. Hoton kyandir kawai kowa ya tura, ɗaya bayan ɗaya. Haka muka saba yin makoki a wurin da ba mu san ko wa ke karantawa ba.

Malama, shekara tara ke nan da kika shigo ajinmu a jami'ar nan ta bakin kogi, da ɗankwalinki ruwan toka da jakar da ta fi ƙarfin kafaɗarki. Mu arba'in da biyu ne. Mun haddace kalmomin Turanci dubbai, mun ci kowace jarrabawa, amma in aka ce mu buɗe baki mu tambayi hanyar tasha, sai mu sunkuyar da kai kamar waɗanda aka kama da sata. Da kika ga bakinmu ya ƙi buɗewa, sai kika sayo wa kowa littafin rubutu. Kika ce duk mako mu rubuta abin da ke ranmu da Turanci, kika kuma yi alkawari cewa babu idon da zai gani sai naki.

Ranar da kika raba littattafan babu wanda ya miƙa hannu, domin da jan biro kika rubuta sunayenmu a bangon littattafan. Wani ɗan ajinmu ne ya yi ta maza. Zan kira shi Jianping, ko da yake ba sunansa ba ne, kuma za a gane dalili nan gaba. Ya miƙe ya ce, "Malama, ai jan biro na matattu ne da waɗanda za a rataye. Mu kuwa da sauranmu, ko digiri ba mu karɓa ba." Kika yi dariya har da hawaye, kika ba mu haƙuri. Washegari sai ga ki da sababbin littattafai arba'in da biyu, da koren biro.

Da wannan koren biron kike ba mu amsa a ƙasan kowane shafi. Ba kuskure kaɗai kike gyarawa ba. Kina tambayar jikin kakar wannan, kina tambayar ko amfanin gonar su wancan ya yi kyau. Ni kuwa, da kika gane Musulma ce, sai kika riƙa jirana a ƙofar ɗakin cin abinci na halal mu ci taliya da naman sa, kina fama da siraran sanduna biyu da muke cin abinci da su, romo yana fallatsa miki a riga. Da sanyi ya kwantar da ni, har ɗaki kika hawo bene shida da ƙosan ƙasarku mai yaji da shayin jar magarya. Ban taɓa samun malamin da ya san lambar ɗakina ba sai ke.

Akwai abin da ban faɗa miki ba a lokacin. Kowane aji yana da mai kai rahoto a kan malamansa, kuma ba a sanar da ko wane ne. A ajinmu ni ce, ni Ding Xiulan. Duk Juma'a da yamma nakan hau ofishin Malam Geng, jami'in da ke kula da wannan aiki, in cike takarda: ko malami ya zo a kan lokaci, me ya koyar, me ya faɗa da ba ya cikin manhaja. Mutum ne mai sanyin murya, kullum da kansa yake zuba mini shayi. Na ɗauki aikin abin alfahari ne.

Da bazara ta gabato aka fara maganar sabunta kwangilarki. Ina son ki zauna, don haka na cika rahotona da yabo. Na rubuta cewa Malama Gadija ta ƙirƙiro hanya mai kyau, ɗalibai suna rubuta mata duk abin da ke zuciyarsu ba tare da tsoro ba. Har yau ina ganin wannan layin da rubutun hannuna.

Malam Geng ya karanta, ya cire tabarau, ya yi murmushi. Ya ce, "'Yata, wannan ai abin koyi ne. Littattafan nan za mu so mu gani, don sauran malamai su amfana. Sha shayinki mana, zai huce."

Na ajiye shayin, domin na san abin da ke cikin littafin Jianping. Shi da kansa ya taɓa karanta mini a kan gada. Yayansa ya mutu a ramin kwal, aka ce wa iyayen su yi shiru. Mahaifinsu ya ƙi, sau biyu yana tafiya babban birni kai ƙara, sau biyu ana dawo da shi gida a mota mai baƙin gilashi. Duk wannan Jianping ya rubuta, da sunaye da ranaku. In ya shiga fayil ɗinsa, fayil ɗin da ke bin mutum har kabari, to babu aikin koyarwa, wataƙila ma babu digiri. Shi kaɗai ya rage wa iyayensa.

Ranar Laraba aka aiko miki da takarda: ki kawo littattafan ofis ranar Talata, bayan hutun bikin share kaburbura. Ranar Juma'a kika shigo aji da kwali a rungume. Kyamarar da ke saman allo tana kallonmu kamar kullum. Kika bi layi kina ajiye wa kowa nasa, sannan kika dawo gaba kika ce, "Na ji an ce a wannan bikin kuna ƙona takardu ku aika wa kakanninku a lahira. To ga aikin gida. Ku aika musu da waɗannan, su ga yadda jikoki suka iya Turanci. Wanda ya dawo mini da nasa, sifili zan ba shi."

Aka kwashe da dariya. Wata a baya ta ce, "Malama, kakana ko yarenmu bai iya karantawa ba." Kika ce, "Yana da lokacin koyo yanzu." Sai dariyar ta fara mutuwa daga layin gaba zuwa na baya, yayin da kowa ke gane abin da kike nufi. Jianping ya dafe littafinsa da hannu biyu.

Da aka tashi kika tsayar da ni a bakin ƙofa. Kika gyara mini wuyan riga, kika ce a hankali, "Xiulan, in za ki rubuta na wannan makon, ki rubuta abin da na faɗa kalma da kalma. Ki sa cewa umarni na bayar, har da barazanar sifili. Kada ki rage komai don ki taimake ni." Ashe kin sani. Ban san tun yaushe ba, kuma ba ki taɓa canza mini fuska a kan kwanon taliya ba.

Malam Geng ya tafi ƙauyensu share kabarin mahaifinsa, rahoto sai Talata. Da magariba mutanen gari suka fito mararraba kamar kowace shekara, kowa ya zana da'ira da alli ya kunna wutarsa. A irin wannan rana ba a tambayar mai wuta me yake ƙonawa. Mu Musulmi ba ma ƙona wa matattu takarda, amma ranar na jefa littafina a wutar Jianping. Iska tana ta ɗaukar baƙin toka zuwa kogi.

Ranar Talata kika kai kwalin ofis babu komai a ciki, ni kuma na kai rahotona yadda kika ce. Aka yanke cewa ɗalibai ba su da laifi, umarnin malami suka bi. Ke kuma aka soke kwangilarki, aka ba ki kwana goma ki bar ƙasar. An shawarce mu kada mu raka ki tasha, kuma ba mu raka ki ba. Sau biyu kika aiko mini da wasiƙa daga Cape Town kina tambayar karatuna. Tsoro ya hana ni amsawa, daga baya kunya ta karɓi aikin tsoron.

Jianping ya gama karatu, yana koyar da Turanci a wata sakandare a gundumarsu, yana riƙe da iyayensa. Bara a taron tsofaffin ɗalibai ya zauna kusa da ni, yana zuba mini shayi yana cewa, "Ke Xiulan, na rantse miki, duk ranar da na san munafukin da ya kai Malama, sai na tofa masa yawu a fuska." Na ce masa haka ya kamata. Idan wannan rubutu ya iso gare ka, ɗan'uwana, ka san inda nake. Fuskata tana nan.

Ya Allah, ga baiwarKa Gadija ta zo gare Ka. Ta rufa asirin mutum arba'in da biyu a ƙasar da ba tata ba, Ka rufa nata a ranar da ake buɗe littattafai. Ka jiƙan ta, Ka yalwata kabarinta, Ka sa Aljanna ce makomarta. Ina miƙa ta'aziyyata ga ƙanwarta Malama Fairuz, da ɗan marigayiyar, Riedwaan, da dukan dangi. Allah ya ba ku haƙurin rashi. Na ji an ce har ta rasu ba ta taɓa gaya muku dalilin dawowarta gida a tsakiyar zangon karatu ba. Ni ce dalilin, kuma ina roƙon ku gafarar da na makara ban roƙe ta ba.