Furen Hajiya da Sauran Ruwan Buta

Ko daga barci aka tashe ni ba zan manta da ranar da Hajiya Asabe ta damƙa mini amanar furenta ba. Lokacin ina masinja a wani ofishin gwamnati cikin birnin Zariya, ba nisa da Ƙofar Kibo, kuma ɗan wucin gadi ne ni. Ku da kuka shigo aiki da takardarku a hannu ba ku san wannan matsayi ba. Ɗan wucin gadi shi ake aika kai fayil, shi ake aika sayen ƙosai, in an tashi rage ma'aikata kuma da shi ake farawa.

Hajiya ita ce shugabarmu, ɗiyar wani babban malami a Ƙofar Jatau, mace mai tsare gida. Furen kuwa tsaraba ce wata ƙawarta ta kawo mata daga ƙasar waje, wai sunansa okid. Ni dai ban ga abin so a jikinsa ba. 'Yan ganyaye ne masu kauri kamar harshen sa, tukunyar babu ƙasa sai ɓawon itace da gawayi, saiwoyin duk a waje sun yi cirko-cirko.

Da bazara aka tura ta wani dogon kwas. Da yake ofishinta zai kasance a kulle, ta sa na fito da furen baranda, inda akwai haske babu rana.

"Ɗanlami, buɗe kunnenka. Sau ɗaya a mako. Ka tsoma tukunyar a roba da ruwan leda, ya jiƙa, ka ɗaga ya tsiyaye tas. Ka riƙa duba saiwar. In ta yi fari-fari ƙishi take ji, in kore ce ka ƙyale ta. Ruwa in ya yi yawa ruɓar da shi yake yi."

"To, ranki ya daɗe."

"In na dawo na same shi da rai, ni da kaina zan kai sunanka a tabbatar da kai. In ya mutu, kada ma in same ka a nan."

Matata na da tsohon ciki a lokacin, don haka maganar ta shige ni sosai.

Abin da Hajiya ba ta tuna ba shi ne, a bakin barandar nan muke alwala. Kun kuma san halinmu, ba ma zubar da sauran ruwan buta a banza. In akwai shuka a kusa sai a juye mata, a samu lada. Akawuna, direbobi, har masu zuwa bin fayil, kowa in ya wanke ƙafa sai ya waiwaya ya yi wa furen sadaka. Kafin in ankara saiwar ta fara yin ruwan ƙasa tana laushi, ganyen ƙasa ya yi rawaya.

Na bi mutane ɗaya-ɗaya ina roƙo. Da na zo kan Malam Tanimu, babban akawu kuma limaminmu, sai ya dube ni sama da ƙasa.

"Kai Ɗanlami, ka ji tsoron Allah. Da zafin nan za ka hana halitta ruwa? Kai sau nawa kake sha a wuni?"

"Allah gafarta Malam, wannan ba irin namu ba ne. Ruwan ne ke kashe shi."

"Ruwa ke kashe shuka? Yau na ji sabon karatu."

Ya juye butarsa a ciki, a gabana, har da bisimilla.

Na ɓoye shi a sito, mai shara ta ji tausayinsa ta fito da shi, ta ƙara masa kofi guda don ya huce. Gida kuwa ba zan iya kai shi ba, don awakin layinmu ko takardar siminti ba su bari. Na rame. Mutum yana kallon abincinsa ana nutsar da shi, kuma duk masu yin abin lada suke nema, wa zai kai ƙara?

Sai Allah ya kawo taransifar Garba direba. An cilla shi wani ƙauye, kuma kowa ya ga shi ne ya fi kowa cika wa furen buta. Maganar taransifar ta daɗe a hanya, ni na yi ta yawo da fayil ɗin tun kafin Hajiya ta tafi. Amma da La'asar sai Malam Tanimu ya ja ni gefe, murya ƙasa-ƙasa.

"Tsakaninka da Allah, mene ne a cikin tukunyar nan? Ina ka taɓa ganin shuka a gawayi?"

Na dubi ƙasa, na dubi sama. Na ce, "Malam, ni dai cewa aka yi kada kowa ya taɓa. Abin da ya wuce haka ban ji ba, ban gani ba."

Har gobe ina kan bakana, ban faɗi ƙarya ko ɗaya ba. Su suka ƙarasa sauran. Kafin Juma'a an ce laya ce a binne ƙarƙashin gawayin. An ce da ita Hajiya ta danne maza ta hau kujerar. Mai shara ta rantse ta ga saiwoyin suna motsi. Alwala ta koma bayan ofis, masu makara suka fara sammako, Malam Tanimu in zai wuce barandar bakinsa na motsi. Furen ya samu lafiya. Ya sha iska, ya fitar da sababbin saiwoyi kore shar, ya miƙo wani siririn reshe ya buɗe furanni farare masu ɗigon ja. Gaskiya ranar na yarda yana da kyau, kuma na yi barci har da minshari.

Ashe zancen ya tsallake katanga. Matar wani a ofishin ta kai shi gidan suna a Ƙofar Jatau. Hajiya na sauka, tun ba ta ajiye jaka ba, mahaifiyarta ta tare ta da tambaya tana hawaye.

Ranar Litinin ta tara mu duka a baranda. Ko kallon furannin ba ta yi ba.

"Ɗanlami, ni ce mai asiri?"

"Ranki ya daɗe, wallahi ni ban ce..."

"Ba ka ce ba. Ka dai ji ana faɗa ka kama bakinka."

Ta cire furen daga tukunya, ta zazzage ɓawon da gawayin a ƙasa, ta baza su da ƙafa kowa ya gani. Babu komai. Ta sa na kwashe na mayar. Sannan ta ɗauki buta cike ta miƙa wa Malam Tanimu.

"Malam, bisimilla."

Ya karɓa ya zuba wa furen. Ta ce daga ranar duk wanda ya yi alwala a nan zai juye sauran ruwansa, kuma umarni ne.

Na ce, "Ranki ya daɗe, zai mutu."

"Na sani. Fure ana sayen wani. Sunan gidanmu fa, a wace kasuwa zan sayo?"

Na tabbata tawa ta ƙare, har na fara tunanin sana'ar acaɓa. Amma ta ce alkawarinta shi ne in ta same shi da rai, kuma ta same shi da rai. Ta kai sunana. Makon da aka tabbatar da ni, ni na ɗauki furen a ruɓe yana wari na kai bola.

Abin da na koya, ku riƙe shi. Mutanenmu ba a hana su aikin lada da roƙo ko da takardar umarni, tsoro kaɗai ke tsayar da su. Shi kuwa tsoro in ka sake shi a ofis ba ka da iko da wanda zai ciza, kuma ba ya komawa keji. Ranar da na dawo daga bola na ji Malam Tanimu yana ce wa direbobi, "Ai dole ya mutu, an tone shi." Ni na ci albashina har ritaya. Hajiya kuwa har ta bar ofishin nan, in ta kawo abincin Sallah, akwai masu cewa suna azumi.