Takardar da Na Riƙe Ina Jiran Manya Su Gama Gaisuwa

A wancan lokaci, kafin Turawa su tafi, ni ɗalibi ne a makarantar koyon aikin gona a Samaru, ina zaune wurin kawuna a unguwar Jushi. Ba ni da yawan magana, littafi ne abokin hirata, kuma ko malami ya yi kuskure a allo sai dai in gyara a nawa littafin in yi shiru. Saboda kyan rubutuna, da aka yi hutun damina sai aka samo mini aiki a filin jirgin sama. Idan saƙo ya shigo ɗakin waya in kwafe shi, in rubuta lokacin da na isar a littafin aiki, in kai wa mai ba jirage hannu a rumfarsa da ke can bakin fili, in fassara masa, don ba ya karatu.

Mutumin nan tsohon soja ne, Kirista daga ƙauyukan kudancin Zazzau, kowa Baba yake ce masa. Fitila gare shi mai ja da kore: ya haska kore jirgi ya tashi, ya haska ja ya tsaya. Yakan tsokane ni da cewa malam ƙarami ya fi amarya kunya, wai ranar da ya ji muryata sosai zai yanka zakara.

Ana nan sai ɗansa ya rasu, bai kuma sami hutu ba sai na kwana biyu. Ran da ya dawo, da hantsi, saƙo ya zo cewa wani ƙaramin jirgi mai ɗaukar hoton gonaki yana tafe, mansa ya yi ƙasa, ba shi kuma da na'urar magana, don haka a tsayar da jirgin fasinja mai zuwa Kano har ƙaramin ya sauka. Na kwafe tsaf. Kamar yadda na saba, na rubuta lokacin isarwa tun kafin in fita, don kada in ɓata layi daga baya. Da na isa rumfar sai na tarar da dattawan ƙauyensu su shida sun zo ta'aziyya, sun sunkuyar da kai, ɗaya yana addu'a. A gidanmu yaro ba ya kutsa baki cikin manya, balle a zaman makoki. Na cire takalmi, na durƙusa a gefe da takarda a hannu. Aka gama addu'a aka shiga gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, ana ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri. Ina jin babban jirgin yana ruri, ina ce wa kaina bari wannan dattijon ya ƙarasa. Baba ya miƙe, ya ce wa baƙinsa su yi masa aikin gafara, ya dubi sama bai ga komai ba sai hadari, ya haska kore. Bakina ya buɗe, amma abin da ya fito ko ni ban ji shi ba.

Jirgin fasinja ya kwaso da gudu, ya ɗaga ke nan ƙaramin ya ɓullo daga ƙarƙashin hadarin, suka nufi juna. Na ga fuskokin mutane a tagogi. Matuƙin ƙaramin ya karkace, ya wuce ta ƙarƙashin babban, fiffikensa ya ja ƙasa, ya kife cikin gonar dawa. Fasinjoji sun tsira, amma matuƙin ƙaramin an zaro shi da ƙafafu biyu a karye, ya yi ta ihu har aka sa shi a mota.

Washegari Baturen filin ya tara mu. Ya buɗe littafina, ya nuna lokacin da na rubuta, ya tambayi Baba ko takarda ta iso rumfarsa. Baba ya dube ni sau ɗaya, sannan ya ce ta iso, baƙin ciki ne ya ɗauke masa hankali. Aka juyo gare ni, aka ce ko ina da abin faɗi. Na sunkuyar da kai. A ranar aka karɓe masa fitila da kaki, ni kuwa har yaba tsabtar littafina aka yi.

Bayan watanni na ga Baba a unguwar Chikaji yana dakon buhunan gyaɗa, ya rame. Na so in ɓuya, ya ƙwala mini kira. Ya tambayi karatu, ya ce har yanzu zakaransa na nan yana jira. Na fara kame-kame, ya katse ni, ya ce shi ya riga ya binne yaro ɗaya sa'ana, bai ga dalilin binne na biyu ba, in je in yi karatu. Na yi niyyar in je in faɗi gaskiya, kullum ina cewa gobe, har na ji ya koma ƙauye ya rasu.

An koya mana kunya ado ce, kuma ban musa ba. Amma tawa ta karya ƙafafun wani, ta raba dattijo da mutuncinsa, ban da rayukan da Allah ne kaɗai ya tsare. Duk wanda aka ba saƙon da rai ya rataya a kansa, ya faɗe shi da ƙarfi ko a gaban wa, ya nemi gafara daga baya. Iyaye kuma, in kuna koya wa yaro yin shiru, ku koya masa ranar da ba a yi. Rashin kunyar minti ɗaya ana yafe ta kafin la'asar. Ni wanda zai yafe mini tawa ya daɗe a ƙasa.