Kwanonin Hajara da farin bango

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar matata Hajara, Allah Ya jiƙan ta. Bayan ba ta na shiga makarantar manya a nan Dogon Dutsi, don haka yau ne na fara maganarta da alƙalami.

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakinta ya san jerenta. Kwanoni da tasoshi da samira, ɗaya bisa ɗaya har kusa da rufi, wasu tun na mahaifiyarta. Kowace Juma'a takan sauke su ta goge, ko ba a ci komai a ciki ba. Matan unguwa in sun tashi suna ko biki, wurinta suke aro.

Bara ɗanmu Isufu, wanda ke aiki a Yamai, ya zo da hotuna a waya, na gidajen Turawan ƙasashen ƙanƙara. Bango fari fat, tebur ɗaya na katako, kujera biyu, ba a rataye komai ba. Ya ce, "Baba, tarkace ne ke hana gida shan iska." Jin daɗina yake nema, na kuwa ce masa to. Aka shafe gidan duka da farin fenti, aka rarraba kwanonin ga maƙwabta. Ina tsaye, ban hana ba. Wannan ke cin raina har yau.

Da yayata ta zo daga Kore Mairuwa, sai ta tsaya bakin ƙofa ta dafe ƙirji. "Wayyo Garba! Har yunwa ta kai ka ga saida kayan marigayiya, ba ka aiko mini ba?" Na yi ta bayani cewa ado ne na zamani. Ta ce, "Ina adon? Ko ɓarayi sun fi ku tausayi." Bayan kwana uku sai ga buhun hatsi ta aiko.

Nakan tambayi kaina me Hajara za ta ce. Tana son tsabta, watakila hasken ya burge ta. Amma gidan da maƙwabciya ba ta da abin da za ta zo aro, ban sani ba ko za ta kira shi gida. Matan ma sun daina shigowa.

Makon jiya aka aiko mini da tuwon suna daga maƙwabta. Da na wanke kwanon na kife, sai ga ɗigo uku na jan fenti a gindinsa, shaidar da take yi wa kayanta. Na zauna da shi a cinya har aka kira la'asar. To, amma ba namu ba ne yanzu, kuma ba a mayar da kwano haka nan. Na zuba gyaɗa a ciki, na kai musu da kaina.