Reshen Rimin Ƙofar Gidanmu

Muna sallame sallar asuba muka ɗauki hanyar Zariya daga Kano, mu huɗu cikin wata tsohuwar a-kori-kura: ni da direba, da mutum biyu masu sana'ar saran itace. Ranar Alhamis ce, kuma kwana ɗaya tak na samu a wurin aiki, shi ma sai da na sha roƙo.

Abin da ya tayar da ni shi ne wayar Iya, mahaifiyata. Akwai wani tsohon rimi a lungunmu na Kwarbai, ya girmi kakana, kuma babban reshensa ya miƙo ta kan katanga har saman ɗakinta. Tun ruwan farko reshen ya tsage. Ta ce duk iskar da ta kaɗa sai ta ji yana ƙara a kanta kamar ƙyauren da ya rasa mai. Iya ba ta da raki, matar da ko zazzaɓi take yi sai dai in ji a bakin maƙwabta. Tunda har ta ɗaga waya ta faɗa mini da kanta, na san abin ya kai.

Babban cikin masu saran wani siririn mutum ne, zai haura hamsin, Bakano na gidi, shi ne mai hawa. Ɗayan kuma shi ke kula da inji da igiyoyi daga ƙasa. Mai hawan nan yana jin cewa ni Bazazzage ne sai ya gyara zama, ya samu abin yi. Wai Allah ya ba mu itatuwa ya hana mu mazan hawansu, sai mun aiko Kano. Na ce ai Bakano ko hayaƙi ne zai hau matuƙar an ce akwai ciniki a sama. Haka muka yi ta yi har Kura, inda shinkafa ta yi kore shar dama da hagu. Dariya nake yi, amma wayata na hannuna, ko saƙon kamfani ne ya shigo sai gabana ya faɗi.

A Kwanar Dangora muka tsaya shan shayi. Biredin ya ƙanƙance, kuɗinsa ya girma, mai shayin kuma yana zuba madara kamar mai ɗiga maganin ido. Titi ya yi kyau yanzu, abin da ya sa kowa ke gudu kamar an biyo shi. Direbanmu dai motarsa ta hana shi wannan ɗabi'a, don da ya ɗan taka sai ta fara tari. A Tashar Yari mata sun jera mangwaron ƙarshen yayi a bakin hanya, na saya wa Iya kwano ɗaya. Wajen ƙarfe tara muka wuce Kwangila, muka ratsa Tudun Wada, muka shiga birni ta Ƙofar Doka.

Mota ba ta shiga lungunmu, don haka a bakin titi muka bar ta muka ɗauki kaya a ka. Ina shan kwana na ɗaga ido na dubi reshen. A waya an ce tsaga. Abin da na gani rami ne a gindin reshen, wanda mutum zai zura hannu har kafaɗa, kuma kaurin reshen kansa ya kai a ce wata bishiya ce aka kwantar a sama. A ƙarƙashinsa Iya ta yi sati uku tana kwana. Muna yara ba ma bi ta gindin rimin nan da tsakar rana, saboda labaran da ake ba mu na masu zama a cikinsa, amma ban taɓa jin tsoronsa irin na wannan safiya ba.

Ba a kai ga kwance igiya ba mai unguwa ya iso. Bayan gaisuwa ya tuna mini abin da zaman Kano ya mantar da ni: rimin a lungu yake, ba a cikin gida ba, saboda haka na jama'a ne. Ko ganyensa ba za a taɓa ba sai malamin daji na ƙaramar hukuma ya zo ya gani ya ba da takarda. Na hau acaɓa zuwa ofishinsu, na tarar ya fita duba wata bishiya da ta faɗa kan wayar lantarki a wata unguwa. Na zauna a benci ina kallon agogo, ina ta ƙorafi a zuci. Sai bayan azahar muka dawo tare.

Mutumin ya san aikinsa, wannan ba zan ɓoye ba. Ya zagaya rimin sau biyu, ya sa aka bubbuga gindin da bayan gatari yana saurare, ya ce uwar lafiya lau take, ba za a kayar da ita ba. Reshen nan kaɗai ya yi wa alama da jan fenti a ƙasan inda ya fito, ya rubuta takarda ya sa hannu. Da zai hau babur sai ya dubi gabas ya ce in da shi ne zai bari sai da safe, domin kwanakin nan hadari da la'asar yake haɗowa.

Muna cin faten da Iya ta yi mana mai hawa ya ajiye cokali ya ce, "Malam, ni ma na fi son safiya. Rimi ba shi da ƙwari, ba ya son iska."

A nan ne na yi abin da har yanzu nake jin kunyarsa. Na tuna aikina na gobe, na tuna Iya za ta sake kwana cikin fargaba, sai na ɗauko wasan da muka taho muna yi a mota na soke shi da shi. Na ce, "Au, ashe Kanawa ma suna jin tsoro? To bari in nemo Bazazzage ya hau."

Mazan unguwa da ke zaune suka bushe da dariya. Shi ma ya yi dariya, amma gajeriya. Ya wanke hannu, ya tashi ya ce wa abokin aikinsa ya kwance kaya.

A birni ba a hawa sama haka kawai. Duk wanda zai hau soro ko dogon itace yana iya hango tsakar gidajen mutane, don haka sai an sanar. Mai unguwa ya sa aka bi gida-gida ana faɗin za a hau rimi, mata su shiga ɗaki har sai an sauko. Ya kuma ja mai hawa gefe ya roƙe shi ya tsare idonsa, shi kuwa ya ce shekara talatin yana wannan aiki, reshe yake kallo ba gidan kowa ba. Muka fitar da kayan Iya, aka kwashe kowa daga gidanmu. Ita kuma na kama hannunta na kai ta gidan maƙwabcinmu na yamma, wanda katanga ɗaya ta raba mu, na bar ta wurin matan gidan.

Ya hau ta kan turakun ƙarfe da yake kafawa ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaure ƙugunsa da igiya a wani reshe na sama, aka tura masa inji. Jemagu suka tashi suka cika sama. Ni da ko kan tsani na hau sai jiri ya ɗebe ni, kallonsa kaɗai ya ishe ni. Daga ƙarshen reshen ya fara, gunduwa-gunduwa. Kowane gunki sai ya ɗaure shi tukuna, mu kuma mu goma muna riƙe da igiyar da aka naɗe a jikin wata darbejiya, muna sassautawa har ya sauka a tsakar gidanmu. Aiki ya yi ta tafiya lafiya har aka yi la'asar. Saura babban gindin mai tsagar, wanda ya fi duk sauran nauyi in an haɗa su.

Ya yanka ta ƙasa, ya koma ta sama, ya ci kamar rabi. Sai iska ta ɗauke cak. Na waiwaya gabas na ga gari ya yi baƙi ƙirin, kuma kafin in buɗe baki ta dawo da ƙarfinta, ledoji da kwanon rufin wani suna tashi sama. Rimin gaba ɗaya ya fara rangaji. Na ji ƙarar da Iya take faɗa, amma yanzu ta ninka, kamar ana yaga sabon yadi a kunnena.

Muka shiga yi masa ihu ya sauko. Abokin aikinsa yana ɗaga hannu biyu, mai unguwa yana salati, ni kuwa har muryata ta dishe. Hanyar sauka a buɗe take, turakun na nan a bayansa, minti biyu sun ishe shi. Na ga ya juya kamar zai sauko, ya sa ƙafa ɗaya a turke, ya tsaya. Ya leƙa ƙasa ta yamma. Sai ya koma kan reshen. Yana nuna mana wani abu da hannu yana magana, amma iska ta kwashe maganar, ba wanda ya ji ko kalma ɗaya.

Ruwa ya kece. Injin ya mutu a hannunsa, ya ja ya ja ya ƙi tashi, ya sake shi yana lilo a igiya, ya zaro gatari daga ƙugu. Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka yana sara ba. Abin da na sani, igiya tana zame mini a tafin hannu, ruwa yana shiga idona, kuma abu ɗaya ke yawo a kaina: idan mutumin nan ya faɗo, bakina ne ya jefo shi. Na yi duk addu'ar da na iya, wadda na manta ƙarshenta na sake ta daga farko.

Sai reshen ya tafi. Bai bi inda igiyarmu ke jansa ba, ya faɗi kai tsaye a kan ɗakin Iya, ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin ƙafafunmu. Rimin da aka sauke wa wannan nauyi ya yi baya da ƙarfi ya watsar da mutumin. Na gan shi a iska, hannu da ƙafa a warwatse, sannan igiyar ƙugunsa ta fizge shi ta maka shi a jikin itacen. Ya yi ta lilo, kansa a sunkuye. Ba wanda ya yi motsi a cikinmu. Da na ga hannunsa ɗaya ya ɗago yana laluben turke, sai na zauna daɓas cikin taɓo.

Abokin aikinsa ne ya hau ya taro shi. Kafaɗarsa ta goce, gefen fuskarsa ya saɓule. Muka kai shi wurin wani mai ɗori a unguwar Limancin Kona, aka mayar da kafaɗar. Ɗakin Iya kuwa, wanda na taso tun daga Kano don in cece shi, rabinsa ya zama tarin ƙasa da karyayyun azara. Dole muka kwana, aikin da nake ta tsoron rasawa ko tuna shi ban yi ba.

Da hantsi muka juyo. Ba sauran wasan Bakano da Bazazzage a motar nan. Mun wuce Tashar Yari kafin in iya haɗa kalmomin ba shi haƙuri. Ya ce ba komai, ai shi ya hau da ƙafarsa. Na tambaye shi abin da ya hana ni barci: me ya sa ya koma bayan ya sa ƙafa zai sauko?

Ya ce reshen da aka ci rabinsa ya fi wanda ba a taɓa ba haɗari, kuma da ya bar shi, iskar gabas za ta murɗe shi ne ta jefa yamma, kan ɗakin da ke jikin katangar maƙwabci. Shi ya sa ya sare ɗaya gefen don ya faɗi a kan ɗakin da ya san ba kowa.

"Ka gaya wa mai unguwa ya yafe mini," in ji shi. "Na ce ba zan kalli gidan kowa ba, na kalla. Takalma na gani a ƙofar ɗakin nan, Malam. Sun yi yawa."

Mun sauke shi a ƙofar gidansa da azahar, hannu rataye a wuya, na isa nawa gida lafiya. Tafiyar ta koya mini cewa idan mai sana'a ya ce a bari sai da safe, to a bari, kuma wasa ma yana da inda ba a kai shi. Takardar hukumar da na yi ta yi wa tsaki ba ita ta kusa kashe mutum ba, gaggawata ce.

Da yamma na kira Iya na tambaye ta ko su nawa ne a ɗakin da suka shiga jiya. Ta ce da aka ce mata su shige, duk sai suka taru wuri ɗaya don su yi hira, a ɗakin jikin katanga, saboda ya fi faɗi. Ta lissafo su da suna ɗaya bayan ɗaya, su goma sha ɗaya, har da mai jego da jaririnta. Ta ce sun dai ji ƙara, sun ɗauka tsawa ce. Ban gaya mata komai ba. Na ce ta gaida su, na kashe wayar, na zauna ina kallon hannun da na riƙo ta da shi na kai ta can.