Iskar Tayar da Na Sace a Hanyar Kiyawa

Shekara goma sha huɗu ke nan da Allah Ya yi wa aminina Malam Idi Tela rasuwa, kuma har yau ina ƙyashinsa. Na san ba a faɗin haka a kan mamaci, amma tsufa ya rage mini kara.

Tare muka tashi a Limawa, tare muka yanki katin jam'iyya lokacin da ƙasar nan ba ta daɗe da samun 'yanci ba, jam'iyyu suna ta tsirowa, talaka yana koyon ɗaga kai. Ni ne mai alƙalami. Ni nake rubuta lacca da ajami, ni nake bin ƙauyuka a keke ina raba kati. Idi ba shi da komai sai murya, kamar ta ladan.

Da aka sa ni zan hau teburi a kasuwar Kiyawa, sai muka ji ba a ba da izinin lacca ba, 'yan doka suna can suna jira. Muna tafe ni da Idi, kowa da kekensa. Na bari ya ba ni rata, na sauka na sace iskar tayata, na ƙwala masa kira na ce na yi faci. Ya dawo, ya dubi tayar, ya dube ni, ya miƙo hannu.

"Kawo takardar, Sule. Ka tura a hankali, rana ta yi zafi."

Maganata ya karanta, shi aka ɗaure. Da ya fito, gari ya ɗauka. Ko'ina Idi, Idi, ni kuwa na zama abokin Idi.

Yanzu duk kakar zaɓe sai 'yan takara sun jera motoci a ƙofar gidansa, su ɗauki hoto da tsohon keken ɗinkinsa, su raba taliya su wuce. Da yana nan, da ya tambaye su wane ne cikinsu ya taɓa kwana a ɗaure saboda magana. Sukan aiko a ɗauko ni in ba da labarinsa. Bara wani ya ce, "Baba, kai kana ina ranar?" Na ba shi amsar da Idi ya yi ta bayarwa a madadina: da ba don faci ba, da Sule ne.

Mun yi faɗa ba sau ɗaya ba, har mun taɓa shekara ba ma ga maciji, amma bai taɓa goranta mini ba. Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Suna da yabo zan iya haƙura da su, amma ya rufa mini asiri har kabari, ya bar ni ba ni da ko abu ɗaya da zan ce na fi shi.

Yau na faɗa da bakina, kuma jikokina za su karanta. Allah Ya jiƙan Idi. Da yana raye, na tabbata da ya ce ruɗun tsufa ne, shi ya ga ƙayar da ta huda tayar da idonsa.