Kwamfutar Ɗan Hajiya

Shekarar da na buɗe rumfar gyaran kwamfuta a Zongon Kotonu ban san kowa ba sai mai shayin bakin layi. Iyalina suna Katsina. Hausar da nake ji a kasuwa ta ciniki ce, gauraye da Faransanci, ana gama magana kowa ya kama gabansa.

Wata rana da la'asar wata dattijuwa mai sayar da gwanjo a kasuwar Missèbo ta sauko daga babur, rungume da kwamfuta naɗe cikin zani. Tana yin sallama na ji harshen Katsina. Ta ce ta ɗanta ce, ya tafi Libiya neman aiki, tun daga nan ba labari. Ƙanwarsa ke kunna mata ita tana kallon hotunansa, yanzu kuma tallace-tallace sun cika fuskar kwamfutar, ta yi nauyi.

Na sa manhajar da ke farautar 'yan leƙen asirin da ke ɓuya cikin kwamfuta, ta kama mugun abin ta cire. Amma duk sanda na sake bincike sai ta nuna ragowarsa a rajista, wato inda kwamfuta ke ajiye bayanin duk abin da aka taɓa saka mata. Irin wannan sai da hannu ake bi ana gogewa, kuma kuskure kaɗan zai hana ta tashi. Na ce ta ba ni kwanaki.

Ba ta yarda ta bar min ita ba. Kullum in ta rufe rumfa sai ta kawo ta, ta zauna a benci, wani lokaci da ƙosai a leda. Ina aiki tana ba ni labarin unguwarsu, ashe ta san gidan kakannina. Ni kuwa ban yi gaggawa ba.

Da na zo kan ragowar ƙarshe ta leƙo ta tambayi me nake sharewa. Na yi mata bayani, na ce wataƙila ya shigo ne tare da wani wasan ƙwallo da ɗanta ya sauke.

"Da hannunsa ya saka ke nan?"

"Wasan dai shi ya saka, Hajiya. Wannan biyo shi ya yi."

Sai ta tambaya ko zai cutar da hotunan. Na ce a'a, uwar abin ta tafi, wannan ba ya iya komai.

"To bar shi, ɗana."

Na bar shi, na sa manhajar ta daina ƙorafi a kansa. Ta sa min albarka ta tafi.

Bayan sallah na je Missèbo gaishe ta. Maƙwabciyarta ta ce ta koma gida Katsina, ciwon ƙafa ya matsa mata. Na ɗan tsaya ina kallon wani yana jera takalma a wurinta, sannan na tako da ƙafa har Zongo.