Shida na ƙirga, ɗaya ba tamu ba ce

Jama'a ku taimaka, na dawo gida da 'yar mutane!

Yau na kwashi yaran gidanmu mata shida daga Bakura zuwa Mafara, wajen lilon Sallah. Duk ƙanana ne, babbarsu shekararta biyar. Anko muka yi musu, atamfa koriya mai ganye. Da la'asar na ƙirga kawuna, shida cif. Muka hau mota.

Muna shiga gida matar yayana ta ce, "Goggon yara, ina Hanifata?"

Na ce, "Ga ta can tana shan alawa."

Ta juyo da fuskar yarinyar. Innalillahi! Ba Hanifa ba ce! Ashe rabin Mafara atamfar nan suka ɗinka.

Na durƙusa na ce, "'Yan mata, ya sunan babanki?"

Ta ce, "Baba."

"Ina gidanku?"

"Wajen Inna."

Yanzu haka muna hanyar komawa Mafara da ita. Yaya ko kallona bai yi ba, matarsa sai kuka take.

Don Allah duk wadda ta kai yara lilo yau ta tashi ta duba su. Fuska za ku duba, kar ku ƙirga. Ni ma ƙirgawa na yi.